Manhajar da Kaka Ya Sa Na Gina Sau Biyu

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Laraba da hantsi Kaka ya cika, a zaurensa, bayan ya sha kunu ya ce a gyara masa matashi. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ina Kano wurin aiki aka bugo mini. Na bar kwamfuta a kunne na fito a guje, amma motar garinmu ba ta tashi sai ta cika, kuma ranar kamar da gayya ta ƙi cika. Ban riski gawarsa ba. Wannan abu har yanzu yana ci mini rai, ba na jin kuma zai daina.

Na tarar da tsakar gidan babu wurin sa ƙafa. Gwaggo, autar Kaka, tana zaune a jikin rumbu ta ja mayafi har goshi. Ba ta kuka da ƙarfi, sai dai duk wadda ta ce mata "Ya haƙuri?" sai ta ce, "Jiya fa ya ce in kwaɗa masa rama." Ta faɗi haka ya fi sau ashirin. Tsofaffin unguwa suna jan carbi suna tuna alherinsa. Wata ta ce shi ya yi wa 'ya'yanta uku huɗuba, wata ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin ya tsallake ƙaya a hanya bai kawar ba. A waje maza ne cike har gindin darbejiya. Wasu daga lambu suka wuto da laka har gwiwa, ko gida ba su biya ba. Wani dattijo ya zo daga Makoda a bayan babur, ya zauna, da aka miƙa masa ruwa sai ya kalli kofin ya fashe da kuka.

Ina tsaye a bayan katangar zaure na ji ɗaya daga cikin manoman ya rage murya ya ce, "Allah Ya ji ƙan Baba. To amma jama'a, ran Asabar fa za a sako ruwa. Wa zai raba?" Liman ya yi gyaran murya, aka yi tsit. Wallahi raina ya ɓaci. Mutum ko kwana ɗaya bai yi a kabari ba, har an fara zancen ruwa? Sai da na zauna na huce na tuna cewa da Kaka na raye, wani ne ya mutu, shi zai fara yin wannan tambayar. Bazara ta kama, tumatir da albasa suna tsakiyar ƙishi, kuma kusan shekara arba'in babu wanda ya raba ruwan rani a garinmu sai shi. Tsoron kowa ɗaya ne, kada a ce an binne zaman lafiyar lambu tare da shi. Ni kuwa tsorona ya fi na kowa, don shekara uku ke nan ina ƙoƙarin hana faruwar haka, kuma ban gama ba.

Garinmu yana ƙasa da dam ɗin Watari. Idan an sako ruwa, babban kanal ne ke kawo shi, daga nan ya rabu zuwa ƙananan hanyoyi shida da muke ce wa layi. Kowane layi akwai na sama, akwai na ƙarshe. Na sama ruwa a bakin gonarsa yake, na ƙarshe kuwa sai abin da aka bar masa. An ce kafin Kaka ya karɓi rabon, babu ranin da ke wucewa ba a fasa wa wani kai da ƙotar fartanya ba. Ba rawani aka naɗa masa ba, ba kuma albashi. Dattawa ne kawai suka ce, "Kai ka fi mu sanyin zuciya, riƙe." Ya riƙe.

Bai taɓa ɗaura agogo ba. Da inuwa da kiran salla yake auna lokaci. Zai bi layi da sandarsa, ya tsuguna ya cusa hannu a ƙasa har wuyan hannu, ya ɗago ya ce a toshe. Idan mai gonar ya fara, "Haba Baba, ɗan ƙara mini," sai ya ce, "Gonarka ce ke jin ƙishi ko idonka?" Ba ya ɗaga murya. In mutum biyu suka kaure da cacar baki, zama yake a kan kunya ya ciro goro ya fasa, ya ƙi cewa uffan har su gaji su juyo su kalle shi.

Ni jikarsa ce, 'yar ɗansa na fari, marigayi mahaifina. Tun ina rarrafe yake ce mini Amarya. In na zo hutu sai ya ce, "Ga amaryata ta dawo, a share ɗaki." In ce, "Ni na fasa, ango ba haƙori." Ya ce, "Haƙorin me? Gidana tuwo ake ci." Da na gama karatun kwamfuta na samu aiki, ya tambaye ni me nake yi. Na ce ina gina manhaja. Ya ce, "Gini? Ana shiga ciki a kwana?" Na ce a'a, a cikin waya take zama, tana yi wa mutane aiki. Ya gyaɗa kai ya ce ashe aljani nake kiwo.

Shekara uku da suka wuce jiri ya kwashe shi a lambu, ya kwanta kwana biyu. A cikin kwana biyun nan mutum biyu suka shaƙe wuyan juna a layi na uku. Da na ji, sai na farga. Duk abin da ke hana garin nan faɗa a cikin kan tsoho ɗaya yake. Na ce sai na kwashe shi na zuba a manhaja tun yana da rai, yadda waya za ta riƙa gaya wa kowa lokacin ruwansa.

A sana'armu akwai hanya biyu da aka koya mana, har gobe kuma ana musu a kansu. Ta farko ita ce bi da bi. Ka zauna da masu buƙata ka tambaye su duk abin da suke so, ka rubuta, su sa hannu. Sannan ka zana tsari, sannan ka gina, sannan ka gwada, daga ƙarshe ka miƙa musu kammalallen abu. Ba a tsallake mataki, ba a komawa baya. Ta biyu ita ce kaɗan-kaɗan. Ka gina ɗan guntu mai aiki, ka kai musu su taɓa, su faɗi inda ya yi da inda bai yi ba, ka gyara, ka ƙara wani guntun, a haka har a kai. Ni a lokacin raina ta biyun nake yi. Gani nake aikin wanda bai san inda ya dosa ba ne. Ga kuma gaggawa, ina ganin tsohon nan ba shi da lokacin da za a yi ta kai da kawowa.

Na ɗauki hutun kwana uku na zauna da shi a zaure da littafi da biro.

"Kaka, kowa gwargwadon girman gonarsa ake ba shi?"

"Haka ne."

"Daga sama ake farawa a gangara ƙasa?"

"Haka ne."

"In an gama layi ɗaya sai a juya wa na gaba?"

"Kin ga ai kin fi ni sani."

Bai yi mini ƙarya ko ɗaya ba. Na koma na buga takarda mai kauri, na dawo na karanta masa daga farko har ƙarshe, yana gyangyaɗi yana farkawa. Na ce ya sa hannu. Ya riƙe biron ya dube ni ya ce, "Ba dai takardar saki kike sa ni rubutawa ba?" Ya rubuta sunansa da ajami, a hankali, harshensa a waje.

Wata bakwai ina gini, duk Asabar da Lahadi. Da na zo Babbar Salla ya ce, "Amarya, a ɗan nuna mini aljanin mana." Na ce sai ya kammala. Ya ce, "Wace mai girki ce ba ta ɗanɗana miya tana kan wuta?" Na yi dariya na ce ai wannan ba miya ba ce. Da na sani ƙeya ce.

Na kammala daidai lokacin da aka sa masa ranar aikin ido a Kano. Baffa, ƙanin mahaifina, zai kai shi, za su yi kwana goma. Na ce ga dama ta samu, a ga yadda gari zai kasance in ba ya nan. Na tara manoma, na karɓi lambobinsu, na kunna manhajar a layi shida rana ɗaya. Ranar har guɗa aka yi mini a cikin gida. Na koma Kano ina tafiya kamar ba na taka ƙasa.

Saƙon rubutu take turawa, "ƙarfe tara da kwata", alhali rabin manoman sai sun nemo mai karanta musu. Wanda aka yi wa rasuwa ko haihuwa ranar ruwansa, babu yadda zai yi ya musanya da maƙwabci, abin da Kaka ke warwarewa da kalma ɗaya a ƙofar masallaci. Duk wannan da sauƙi. Babbar ɓarnar a layi na shida aka yi ta, a gonar Kawu, yayan mahaifiyata, wadda ita ce ta ƙarshe. Kafin ruwa ya isa wurinsa sai ya yi tafiyar fiye da awa ɗaya, busasshiyar hanya tana shanye rabinsa. Manhajata kuwa da zarar na sama ya toshe take fara ƙirga wa na gaba. Ruwa na leƙowa gonar Kawu, waya na cewa lokacinsa ya ƙare, a juya wa wani layi. Sau uku ana haka.

Kuma Kawu bai faɗa ba. 'Yar ƙanwarsa ce ta yi abin, duk gari ana yabonta, shi ne zai fito ya ce bai yi ba? Ya yi mini kara, ya ja bakinsa ya yi shiru. Ya dinga jido ruwa da bokiti daga wani kududdufi har bayansa ya riƙe. Na sama da shi sun gani sarai, amma kowa ya ce ai waya ce ta ce. Irin albasar da ya yafa yana jiran dashe ya ƙone ƙurmus, kuma shi ne duk abin da ya dogara da shi a ranin nan.

Ranar da Kaka ya dawo na zo, na same shi a zaure da baƙin tabarau irin na waɗanda aka yi wa aiki. An riga an gaya masa. Maimakon in durƙusa in ba da haƙuri, kunya ta juye mini ta zama faɗa.

"Me ya sa ba ka gaya mini ruwa na daɗewa kafin ya kai ƙarshe ba?"

"Kin tambaye ni?"

"Na ce ka faɗa mini duk dokokin!"

"Wannan ba doka ba ce. Ƙafata ce ta sani, ni ma sai ina tafe nake tunawa."

"Amma ka sa hannu, Kaka. Ga shi nan, ka yarda haka ne."

Ya cire tabarau ya dube ni da jajayen idanunsa. Ya ce, "Na sa hannu a kan abin da na tuna ran Talata ina zaune a inuwa. Ruwa bai sa miki hannu ba."

Na tashi na bar masa takardar a kan tabarma, na hau mota ko sallama ban yi wa Gwaggo ba. Ban taɓa yi masa rashin kunya irin ta ranar ba, kuma in na tuna har yanzu fuskata zafi take yi.

Sati bakwai ban taka garin ba. Ran nan da la'asar na dawo daga aiki na tarar da Kaka zaune a ƙofar ɗakin mahaifiyata a Kano, da kwandon tumatir a gabansa. Tsohon da ke ƙin birni kamar me, ya hau mota shi kaɗai. Ya ce, "Amarya, yajin ya isa haka. Biko na zo." Na zube a gabansa ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Ya bar ni sai da na yi mai isata, sannan ya ce, "Kawunki na raba masa irina, ya dasa, ba zai rasa na tuwo ba. Ke ce dai har yanzu a bushe."

Ya ce in an kawo sabon iri gari, ana ta kuranta shi, shi ba ya musu kuma ba ya gaskatawa. Fangali ɗaya yake ware masa a gefen lambu, ya ga yadda zai yi da ƙasarmu. In ya yi, baɗi ya ba shi uku. "Laifinki ɗaya ne, kin shuke gonar mutane kaf da irin da ba ki taɓa ganin tsironsa ba. Nawa laifin ya fi naki. Na san haka, na bar ki, don na ga takardarki da kauri na ji nauyinta." Ban taɓa jin babba ya raba laifi da jikarsa haka ba, har ya ɗauki kaso mafi girma.

Muka sake sabon lale. Duk Juma'a biyu nake zuwa da ɗan guntu. Bayan an sauko daga masallaci sai a shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro, ni da Kaka a gefe guda, manoman layi na ɗaya su bakwai a gabanmu. Su kaɗai muka fara da su, kuma Kaka na biye da ruwan da sandarsa, in waya ta yi kuskure shi ke da magana. Zama na farko wani ya ce, "'Yar nan, ni ƙarfe ban san shi ba. Ki ce mini hantsi, ki ce mini bayan azahar." Na koma na gyara. Zama na biyu suka ce rubutun fa? Na mayar da shi kiran murya. Na sa muryata, suka ce suna jin nauyin kashe mini waya. Kaka ya ce a kawo ya yi da kansa, muka wuni yana kiran sunan kowa ɗaya bayan ɗaya ina ɗauka: "Wane, ruwanka ne, buɗe." Daga nan aka zo kan musanya, aka zo kan cewa jigawa ta fi laka shan ruwa, aka zo kan tafiyar ruwan, wadda na auna da ƙafata ina bin sa a baya da agogo. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin takardata mai kauri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an yi ruwan yake iya nuna maka.

Wani guntun sai mun yi sau uku. Wani kuwa in kawo ina taƙama, su ce ba sa so, in cire. Kaka ya fi kowa jin daɗin wannan. "Yau me muka zo rushewa?" yake tambayata tun ban sauke jaka ba. Sai da layi na ɗaya ya yi wata biyu ba a kira shi ba sannan ya yarda muka ƙara na biyu.

To ni kuma ga halina, in na kama abu sai na wuce gona da iri. Na koma kamar sabon tuba. A wurin aiki duk wanda ya kawo zancen hanyar bi da bi sai na yi masa ba'a. Ana haka manoma suka yanke shawarar zuba siminti a mararrabar da ruwa ke rabuwa zuwa layi uku na gabas, don bakin ƙasan kullum zaizayewa yake. An sayo siminti, magini ya zo. Kaka ya hana a farke buhu ko ɗaya. Sati uku yana zuwa wurin da igiya da tiyo mai ruwa a ciki, yana aunawa, yana zane a ƙasa, yana sa magini ya maimaita masa. Mutane suka fara ƙorafi. Na ce, "Kaka, ba kai ka koya mini ba? A zuba a gani, in bai yi ba a gyara."

Ya dube ni kamar na zagi liman. Ya ce, "Amarya, ashe har yanzu da sauranki. Bakin fangali laka ce, in na karkace shi da safe, da yamma fartanya ta gyara. Wannan in ya bushe a karkace da faɗin yatsa biyu, layi uku za su yi shekara ashirin suna tsine mini ina kabari. Tun ran gini ran zane." Ya koma kan igiyarsa, sannan ya ƙara da cewa, "Kafin ki taɓa aiki ki tambaye shi tukuna, laka ne shi ko siminti."

Na yi karatun shekara huɗu, na karanta musun masana a kan hanyoyin nan biyu, ban ji wanda ya raba gardamar kamar haka ba. Da muka zo shigar da iyakokin gonaki da sunan mai kowace, abin da in an yi kuskure zai iya haɗa 'yan'uwa shari'a, ban taɓa kwamfuta ba sai da dattawa suka zaga kowace iyaka, aka rubuta, aka karanta a ƙofar masallaci Juma'a uku a jere, kowa ya amince. Wannan bi da bi muka yi shi, kuma ba mu koma kansa ba.

Zuwa ranin bana layi biyar sun hau. Saura na shida, mafi tsawo, mai jigawa a ƙarshe. Nan na maƙale. Duk yadda na juya awon, lokacin da layin ke samu ba zai kai ruwa gonaki uku na ƙarshe ba, har da ta Kawu. Amma ga shi duk shekara suna girbi. Zama uku ina kawo wa Kaka wannan, yana cewa in sake aunawa. Sati biyu kafin rasuwarsa ya ce in raka shi lambu. Lokacin tafiya ta fara yi masa wuya, sai ya dafa kafaɗata. Gonarsa ita ce ta farko a layi na shida. Muka zauna a kan kunya, ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, "Awonki daidai ne. Ba ya isa. Bai taɓa isa ba."

Ashe tun shekarar da ya karɓi rabon, rabin lokacinsa kawai yake sha. Ruwansa da sassafe yake zuwa, shi ke buɗewa shi ke toshewa, ba ya barin kowa ya taya shi. In ya shayar da rabin gonar sai ya toshe ya bar sauran ya wuce ƙasa. Shi ya sa rabin gonar tasa kullum rogo ne da wake, mutane na cewa tsufa ne ya sa ya kasa tumatir. Na ce, "Su Kawu sun sani?" Ya ce, "In sun sani ai na ɓata. Mutum ya sha ruwan haƙƙinsa da kai a sama ya fi ya sha na kyauta yana sunkuye."

Ya ce in sa shi a manhajar, amma kada sunansa ya fito, kada nasu ya fito. Sannan ya ce, "Sai dai in na mutu ruwan ba nawa ba ne, na Baffanki ne, shi zai riƙe gonar. Ki gaya masa shi kaɗai. Ki faɗa masa yadda abin yake, kada ki roƙe shi." Na ce ya daina irin wannan magana, Juma'a mai zuwa ta sama zan kawo guntun mu gwada. Ya ce Allah Ya kai mu. Ni Ya kai ni.

Na san rubuta wannan kamar saɓa masa ne. Shi ya sa ban kama sunan garinmu ba, ban kama sunan kowa ba. Amma ba zan iya barin a manta da shi a matsayin tsohon da ya kasa noma gonarsa ba.

Ranar Juma'a, bayan an yi addu'ar uku jama'a sun ragu, na ce wa Baffa ina son magana. Muka koma bayan rumbu. Baffa fataucin hatsi yake yi, kasuwa ta ja baya, ga 'ya'ya tara. Shekaru yana cewa da za a cika gonar nan da tumatir da an huta. Na gaya masa komai, yadda aka ce in faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce in ya riƙe ruwansa duka, haƙƙinsa ne, babu mai cewa ya yi laifi, amma gonaki uku za su bushe, kuma na ƙarshe za su hau na sama da faɗa. Can ya ce, "Sau nawa ina masa faɗa a kan gonar nan? Har cewa na yi ya bar wa masu ƙarfi." Ya rufe fuska da hularsa. Ya tashi ya fita bai ba ni amsa ba, ni kuma ban bi shi ba.

Asabar da sassafe aka sako ruwa. A layi biyar wayoyi suka fara ƙara, muryar Kaka na kiran mutane da sunansu. Na ga wani ƙato ya tsaya da waya a kunne, hawaye na zuba, ya ce "To Baba," sannan ya sa fartanya ya buɗe. Ni na wuce layi na shida, inda babu wayar da za ta yi ƙara. Na tarar da Baffa tsaye a bakin gonar da fartanyar Kaka, ya naɗe wando. Ya buɗe, ruwa ya shiga. Muka tsaya muna kallo yana bin fangali ɗaya bayan ɗaya. Ya kai rabi. Baffa bai motsa ba. Ruwa ya fara taɓa bakin rogon, na cije leɓe don an ce kada in roƙa.

Sai ya sunkuya ya kwaso laka ya danna a bakin, ya ƙara, ya take da ƙafa. Ruwan ya juya ya miƙe ƙasa. Bai kalle ni ba ya ce, "Ki sa yadda ya ce. Kuma ko Gwaggonki kada ta ji."

Na bi ruwan da ƙafa har ƙarshen layi. Kawu na tsugune a bakin gonarsa tun asuba, ya zuba wa busasshiyar hanyar ido. Da ya hango ruwan tafe yana tura ganyaye a gabansa, ya miƙe da ƙyar yana dafe da ƙugu. Ya ce, "Ikon Allah! Wallahi 'yar nan na ɗauka bana shi ke nan. Ashe aikin naki ya yi." Na buɗe baki, na tuna, na rufe. Na karɓi yabon da ba nawa ba, na tsuguna na taya shi buɗe fangalin farko.

Ya Allah, bawanKa ya shayar da mutane shekara arba'in bai bari sun san hannun da ya ba su ba. Kai Ka sani. Ka yafe masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka shayar da shi daga Alkausara.